Zobe biyu ko uku: yinin da na yi a kan makirufon hedifon

Aikina a ofishinmu shi ne kula da kwamfutoci. In firinta ta ƙi fitar da takarda, ko intanet ta tsaya, ko wani ya manta kalmar sirrinsa, ni ake kira. Lokacin da abin da zan ba da labari ya faru ban daɗe da kama aikin ba, ina cike da ɗokin a ga na iya.

Wata safiya wata abokiyar aikinmu, wadda ta girme ni a shekaru da kuma a aiki, ta shigo riƙe da laftof ɗinta, wayar hedifon na reto a gefe. Ta ce, "Malam, don Allah duba mini wannan. Ni ina jin su, su kuma ba sa jina." Tana da taro ta Zoom da yamma, kuma ita ce za ta gabatar da rahoton da ta yi makonni tana haɗawa. Na ce, "Hajiya, bar shi nan, yanzu za ki zo ki ɗauka. Direba ne."

Ko taɓa hedifon ɗin ban yi ba lokacin da na faɗi haka. Ban tambaye ta yaushe abin ya fara ba, ban tambaye ta ko ya taɓa yin aiki a wannan kwamfutar ba. Na ambaci direba ne saboda shi na fi sani. Direba ita ce ƙaramar manhajar da ke tsakanin Windows da guntun sauti, wato ɗan ɓangaren lantarki mai sarrafa sauti a cikin kwamfuta, kamar tafinta tsakanin mutum biyu, kuma a makonnin baya na gyara matsaloli biyu ko uku ta hanyar cire ta da sake ɗorawa. Abin da ya yi maka aiki jiya, shi hannunka ke fara kaiwa yau.

Na buɗe Device Manager, inda Windows ke jera na'urorin da ke jikin kwamfuta, na cire direban sauti, na kashe kwamfutar na kunna. Windows ta ɗora nata direban na gama-gari. Babu makirufo. Na shiga intanet, duk shawarar da na ci karo da ita sai na gwada: na ƙara ƙarfin makirufo har ƙarshe, na kashe abubuwan gyaran murya, na sauya na'urar da aka zaɓa, na sake mayar da ita, na cire wata manhaja da wani ya rubuta cewa ita ke kawo cikas. Kafin rana ta yi tsaka na taɓa wurare da yawa, kuma da za a ce in lissafa su a jere ba zan iya ba, don ban rubuta ko ɗaya ba. Makirufon bai fito ba, sannan manhajar sauti da kamfanin kwamfutar ya sa mata tun asali ta ɓace. Garin neman ƙiba na samo rama.

A nan ne shugaban sashenmu ya leƙo. Dattijo ne da ya fara da gyaran rediyo kafin ya koma kwamfuta, kuma ba ya gaggawar taɓa madannai. Ya tsaya a bayana ya ɗan kalli allon, sannan ya ce, "Kai yaro, ka gwada hedifon ɗin a wani wuri?"

Na ce, "A'a, Yallaɓai. Kwamfutar ce ba ta ganin sa."

Ya ce, "Wa ya faɗa maka kwamfutar ce? Miƙo mini wayar."

Hedifon ɗin irin mai filogi biyu ne, ɗaya kore ɗaya ruwan hoda. Waɗannan launuka ba ado ba ne, sun samo asali ne daga ƙa'idar PC 99 da Microsoft da Intel suka fitar: kore na sautin da ke fita, ruwan hoda na makirufo. Kwamfutocin tebur da tsofaffin laftof suna da rami biyu, kowanne da launinsa. Laftof ɗin Hajiya kuwa rami ɗaya gare shi, irin na wayar hannu, wanda ya haɗa ji da magana wuri guda. Don haka ta samo 'yar gajeriyar waya mai rassa biyu, ta soka filogin kore a reshe ɗaya, ruwan hoda a ɗayan, ta cusa kan a laftof. Duk wanda ya kalli haɗin daga nesa zai ce daidai yake. Ni ma haka na gan shi tun safe, na wuce.

Dattijon ya zare 'yar wayar, ya ɗaga kanta kusa da idona. "Zobe nawa ka gani?"

Baƙaƙen zobba biyu ne a jikin ƙarfen.

Ya ce, "To ina makirufo zai bi?"

Abin da ya bayyana mini a tsaye, cikin 'yan mintoci, har yau da shi nake aiki. Filogin sauti mai kaurin milimita 3.5 ba dunƙulen ƙarfe ɗaya ba ne. Baƙaƙen zobban nan roba ce da ke raba shi gida-gida, kowane gida da layinsa. Zobe biyu na nufin gida uku: kunnen hagu, kunnen dama, da layin ƙasa da sauti ke komawa ta kansa. Shi ake kira TRS. Zobe uku na nufin gida huɗu, kuma na huɗun shi ne hanyar makirufo. Shi ne TRRS. 'Yar wayar Hajiya mai zobe biyu ce, irin wadda aka yi don mutum biyu su saurari abu ɗaya, kowa da hedifon ɗinsa. Duka rassanta biyu na fitar da sauti ne. Wato tun farko makirufonta a bakin lasifika yake soke, ba shi da wata hanya zuwa cikin kwamfuta.

Akwai ƙarin abin da na fahimta daga baya, wanda ya nuna mini cewa kwamfutar gaskiya ta yi ta faɗa mini tun safe. In ka soka filogi mai gida uku a rami mai gida huɗu, dogon gidan ƙarshe yana kwanciya a kan haƙoran ƙarfe biyu na cikin ramin lokaci guda, na makirufo da na ƙasa, ya haɗe su. Guntun sauti na ganin layin makirufo a haɗe da ƙasa, sai ya yanke cewa abin ji kawai aka sa. Sannan irin ƙaramin makirufon da ake sa wa hedifon ba ya aiki sai an ba shi 'yar wutar lantarki, bolt biyu zuwa uku, kuma ta wannan layi na huɗu kwamfuta ke ba shi. Ba layi, ba wuta, ba magana. Da na sake ɗora direba sau ɗari, babu manhajar da za ta ƙera gida na huɗu a jikin ƙarfe.

Muka samo 'yar waya ta daidai, mai zobe uku, wadda reshenta ɗaya ke da hoton hedifon ɗayan kuma hoton makirufo. Kafin mu kai ta ga laftof ɗin, dattijon ya sa na soka ta a wayar hannu mai rami na ɗauki muryata. Ta fito tar. Ya ce, "Yanzu ka san hedifon lafiya lau, 'yar wayar ma lafiya lau. Abin da ya rage yana cikin kwamfuta." Na soka a laftof ina jiran in ga makirufo ya bayyana.

Bai bayyana ba. Tsugune ba ta ƙare ba, kuma wannan karon aikin hannuna ne.

Tun da Intel ta fitar da tsarin High Definition Audio a 2004, wanda ya maye gurbin tsohon tsarin sauti na AC'97, ramin sauti ya daina zama rami kawai. Kwamfuta na iya sanin an soka wani abu, kuma manhaja na iya sauya aikin da ramin ke yi. A laftof da yawa masu guntun sauti na kamfanin Realtek, da zarar ka soka waya sai wani ɗan akwati ya fito ya tambaye ka me ka sa, abin ji kaɗai ko mai haɗe da makirufo. Amsar da ka ba shi ita ke buɗe layi na huɗu ko ta bar shi a rufe. Wannan ɗan akwatin yana zuwa ne tare da direban da kamfanin kwamfuta ya tsara wa wannan samfurin, kuma shi ne na cire da safe. Direban gama-gari ya iya fitar da sauti, amma a wannan kwamfutar bai san yadda aka ja wayoyin ramin ba. Sai da na duba lambar samfurin a ƙarƙashin laftof ɗin, na sauko da ainihin direbansa daga shafin masu shi, na ɗora, na kashe na kunna. Na zare wayar na mayar, akwatin ya fito, na zaɓi mai makirufo.

Da a ce ban taɓa komai ba da safe, sauya 'yar waya kaɗai ya isa kwamfutar ta ga makirufon. Matsala ɗaya Hajiya ta kawo mini, na mayar da ita biyu, ta biyun kuma ta ɓoye maganin ta farkon. Wannan ya fi komai tsaya mini a rai. Da ba don mun riga mun gwada sabuwar wayar a wayar hannu ba, da na ce ita ma ba ta aiki, na ajiye ta gefe na ci gaba da lalube cikin duhu. Tun daga ranar nake ajiye takarda a gefen kowace kwamfutar da nake gyarawa. Abu ɗaya nake sauyawa, in gwada, in rubuta abin da ya biyo baya, in bai yi ba in mayar da shi yadda na same shi kafin in taɓa na gaba. Yana da cin rai, musamman in mai kwamfutar na tsaye a kanka yana duba agogo. Amma ban taɓa yin da-na-sanin rubutawa ba.

Ko bayan nan akwai saura. Windows ta ga makirufon, amma da muka buɗe Zoom muka yi gwaji, muryar ta fito daga nesa tare da ƙarar fankar kwamfuta. Zoom na da nasa wurin zaɓen makirufo, haka Teams, haka burauza, kuma nata yana nan a kan makirufon cikin laftof, wanda ke kusa da kyamara. A nan dattijon ya koya mini wata dabara mai sauƙi. Ka danna maɓallin Windows da R, ka rubuta mmsys.cpl, ka shiga shafin Recording, inda kowane makirufo ke da 'yar sandar kore da ke motsi in ya ji sauti. Kada ka yi magana, don muryarka na isa ga duka makirufon biyu. Ka sosa kan makirufon hedifon da farce, ka ga wace sanda ta yi tsalle. Sannan ka sosa 'yan ramukan da ke gefen kyamara. Gani ya kori ji. Mutane da yawa suna shafe watanni sanye da hedifon suna tsammanin da shi ake jin su, alhali makirufon kwamfuta ne ke ɗaukar su, shi ya sa abokan taro ke cewa kamar daga cikin rijiya suke magana.

Hajiya ta karɓi kwamfutarta saura kaɗan a fara taron. Ta yi gabatarwarta, an ji ta. Amma yinin da ya kamata ta yi tana bitar rahotonta ya tafi a jira, sau uku tana leƙowa tana tambaya, ni kuma ina cewa saura kaɗan. Ba ta yi mini faɗa ba, godiya ma ta yi. Na fi jin nauyin godiyar fiye da yadda zan ji faɗa. Daga baya na tambaye ta abin da ya kamata in tambaya tun da safe: "Hajiya, da wannan hedifon ɗin ya taɓa yi miki aiki a laftof ɗin nan?" Ta ce, "A'a, Malam. A kwamfutar tebur nake amfani da shi. Jiya ne na fara sa shi a nan." Amsar tana bakinta tun farko. Abin da ya yi aiki jiya ya daina yau, a nemi abin da ya sauya a tsakani. Abin da bai taɓa yi ba kuwa, a fara duba ko an haɗa shi daidai. Hanyoyi biyu ne daban, kuma tambaya ɗaya ce ke nuna maka wadda za ka bi.

Wannan ƙorafi na "ba a jina" ya dawo mini sau da yawa bayan nan, kuma da wuya dalilin ya zo iri ɗaya sau biyu a jere. Abin da ya sauya shi ne yadda nake bin sawunsa. Murya na da hanyar da take bi: daga baki zuwa makirufo, ta bi waya, ta wuce filogi da rami, ta isa guntun sauti, direba ya miƙa ta ga Windows, Windows ta ba manhajar da ke nema izini, manhajar ta aika. A wani wuri a kan wannan hanya ta tsaya. Ina farawa ne da gwajin da zai raba hanyar biyu nan take, wato in sa hedifon ɗin mutum a wata na'ura, in kuma sa nawa, wanda na tabbatar yana aiki, a kwamfutarsa. Cikin minti biyu na san ɓangaren da zan bari.

Wani lokaci abin bai kai ma a buɗe saiti ba. Ɗan madannin rufe murya da ke jikin waya ya goge da riga ya rufe kansa. Ko maɓallin rufe makirufo da wasu laftof ke da shi a layin sama na madannai, mai 'yar fitila, an danna shi bisa kuskure. Ko ƙura da zaren aljihun jaka sun taru a gindin rami har filogi ba ya shiga ya ƙure, ya rage kaurin farce a waje, kuma wannan ɗan ragowar ya isa ya sa kowane gida ya sauka a kan haƙorin da ba nasa ba.

Wanda ya fi ruɗa mutane shi ne izini. Tun sabuntawar Windows 10 ta watan Afrilun 2018, saitin sirri na makirufo yana iya hana hatta manhajojin tebur, wato waɗanda ba daga shagon Microsoft aka sauko da su ba, jin komai. Makirufo na nan a jere, direba lafiya, amma manhaja shiru. A Windows 11 wurin yana ƙarƙashin Privacy & security, sai Microphone, kuma madannai ne fiye da ɗaya: na kwamfutar gaba ɗaya, na manhajoji, da na manhajojin tebur a can ƙasa inda ido ba ya saurin kaiwa. Ni ina ganin wannan shinge abu ne mai kyau, bai kamata kowace manhaja ta riƙa sauraron ɗakin mutum ba tare da saninsa ba. Shi ya sa in na buɗe wa wani nakan nuna masa wurin, in faɗa masa abin da na buɗe, don ya iya rufewa in ya so.

Sau ɗaya tak na haɗu da matsalar da nake karantawa a rubuce, ta tsarin zobe uku iri biyu. Yawancin na'urorin yanzu suna bin tsarin CTIA, inda gidan ƙarshe na gindin filogi ne makirufo, na kusa da shi kuma layin ƙasa. Tsofaffin wayoyin Nokia da Sony Ericsson da dama sun bi tsarin OMTP, wanda ya juya waɗannan biyun. Da ido ba za ka bambance su ba. Wani matashi ya kawo tsohon iyafis, makirufo ba ya yi, sautin ma ya fito a shaƙe, kiɗa na fita amma muryar mai magana ta dushe. Na ce ya danna madannin jikin wayar ya riƙe. Nan take sautin ya cika. Wannan ce alamar, don danna madannin yana haɗe layukan biyu da aka juya. Na ji daɗin ranar, ba don gyaran ya yi wuya ba, sai don na gane ciwon daga alamarsa ban cire komai ba.

Na Bluetooth kuma labarinsu daban ne. Suna da yanayi biyu: A2DP, mai sauti mai kyau a kunne biyu amma babu makirufo, da HFP, na kiran waya, mai buɗe makirufo amma ya rage ingancin sauti. A Windows 10 hedifon ɗaya kan fito da suna biyu, ɗaya Stereo ɗaya Hands-Free, kuma wanda ya kashe na biyun don sautinsa bai yi masa daɗi ba ya kashe makirufonsa da hannunsa. Masu cewa sauti na lalacewa da zarar an shiga taro, nakan faɗa musu cewa ba lalacewa ya yi ba, yanayi ya sauya. Na USB su ne mafi sauƙin sha'ani, tunda suna ɗauke da guntun sautinsu a jiki, ba ruwansu da ramin kwamfuta. In ramin laftof ya mutu da gaske, ƙaramin katin sauti na USB ya fi buɗe kwamfuta sauƙi da aminci. A kwamfuta mai Linux a maimakon Windows ma hanyar ɗaya ce, sunaye ne suka bambanta: alsamixer don ganin ko an rufe layin ɗaukar murya, pavucontrol don zaɓen kafar da za a saurara.

Akwai abu guda da na lura da shi game da kaina, kuma ina ganin sa ga sababbin da nake koya wa aiki yanzu. Muna jin kunyar gwaji mai sauƙi. Tambayar mutum ko ya soka waya daidai kamar raini ne gare shi, kuma kamar bai kai matsayin wanda ya yi karatun kwamfuta ba. Buɗe Device Manager a gaban mutane ya fi kama da aiki. Na samo hanyar da ba ta ƙasƙantar da kowa: ba na tambaya, sai in ce, "Bari in ga wayar," in zare ta da hannuna, in ƙirga zobban, in mayar har in ji ta ƙure. In a nan matsalar take, sai in nuna wa mai ita zobban kamar yadda aka nuna mini, in faɗa masa cewa waɗannan 'yan wayoyi biyu kama suke da juna sosai, ni ma sun taɓa cin mini yini guda.

A aljihun teburina yanzu akwai hedifon mai zobe uku da na san lafiyarsa, da 'yar waya mai haɗa kore da ruwan hoda, da katin sauti na USB. Tsohuwar 'yar wayar Hajiya mai zobe biyu ma tana nan, ta bar mini ita. Na naɗa mata farin tef na rubuta "ta ji kawai" a jiki, kuma ita nake fara miƙa wa duk sabon da aka turo sashenmu, tare da mai zobe ukun, in ce ya faɗa mini bambancinsu.